Wasiƙar Baba Mai Layi Uku

Hoton ne ya fara ɗaukar idona. Wani dogon gini ne na jan bulo mai tagogi a jere, da bishiya a gabansa wadda ganyenta ya koma ruwan ɗorawa, ga wata mata tana wucewa ta ƙarƙashinta rungume da littattafai. Takardar tana kan teburin Baba an danne ta da kofin shayi, ni kuwa kofin na shigo ɗauka. Kafin in kai kicin na riga na raɗa wa matar suna, na samo mata masoyi, na raba su, na sake haɗa su a filin jirgi.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Na gama karatu ina zaune a gidanmu na Unguwar Dosa ina jiran a kira mu bautar ƙasa, ba ni da aikin da ya wuce karanta littattafan soyayya da nake karɓowa haya wajen wata mata a bayan layinmu. Sun shiga kaina sosai. Duk namijin da ya yi shiru a gabana sai in ɗauka ciwon so yake ɓoyewa, alhali wataƙila haƙori ke damunsa.

Da na dawo goge teburin na karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Sanarwa ce da Turanci daga wata cibiyar bincike a ƙasar waje. Suna neman matasan masana masu nazarin yankin Sahel, tarihinsa ko harsunansa ko cinikinsa, su je su zauna shekara guda. Za a ba mutum kuɗin jirgi da masauki da ɗakin karatu, a kuma ɗauki nauyin tafiyarsa zuwa duk ƙasar da bincikensa ya shafa a yankin. Sharuɗɗan ba su da yawa. Kada mutum ya wuce shekara talatin da biyar, kuma malamansa biyu su aiko da wasiƙar shaida kai tsaye, ba ta hannunsa ba.

Baba farfesan tarihi ne. Ya yi koyarwa a Zariya har ya yi ritaya, ya dawo Kaduna da kwalayen littattafai da yanar ido. Ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gida, don haka na zama idonsa da hannunsa. Ni ke buɗe masa saƙonninsa a kwamfuta, ni ke karanta masa, shi ya faɗa ni in buga.

Wanda ya kawo takardar shi ne wanda muke kira Yaya, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ɗan tsufa ne na wani malamin allo a Badarawa, wanda a gabansa Baba ya sauke Alƙur'ani, shi kuma ya ɗaura auren Baba da Mama. Da malamin ya rasu, Baba ya ɗauki karatun yaron tun daga sakandare har jami'a, ya koyar da shi a aji, ya duba masa aikin digiri na biyu. A lokacin da nake ba da labari Yaya yana koyarwa a wata sakandare a Doka, yana kuma fama da digiri na uku. Dogo ne, siriri, mai tabarau, ba ya yawan magana. Ba sai na faɗi abin da na mayar da shi a cikin kaina ba.

Bincikensa a kan wasiƙun fatake ne na ajami, waɗanda suka yi ta kai da kawowa tsakanin Zazzau da Kano da Damagaram da Agadas. Ya shekara bakwai yana bin gidajen tsofaffi yana roƙon a buɗe masa adaka. Abin da ya tara kuwa gefe ɗaya ne na zancen, wato wasiƙun da suka zo nan. Waɗanda aka aika can suna Damagaram, wasu kuma an kwashe su tun zamanin Turawa zuwa wannan ƙasa mai jan gini. Ran da ya yi mini wannan bayani a barandar gidanmu, sai da na dafe ƙirji.

"Wayyo, wasiƙun da aka raba da amsoshinsu! Yaya, akwai ta masoya a ciki?"

"Akwai mana," in ji shi. "Ga wata nan, wani yana kuka da hawaye."

"Don Allah? Me ya same shi?"

"Raƙuminsa ne ya mutu a hanya, kanwa ta jiƙe."

"Kai Yaya!"

"To me kike so, Auta? Ke ba ki san darajar raƙumi ba."

Watanni kaɗan suka rage masa ya cika talatin da biyar. Idan wannan karon ya wuce shi, ba zai sake shiga sahu ba, kuma albashin malamin sakandare mai ɗauke da tsohuwa da ƙanne ba zai kai shi ko'ina ba. Kowa a gidanmu ya san haka, har Mama da ba ta damu da fatake ba.

Akwai wani kuma da ya nemi gurbin, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a Malali, mai nazarin kasuwannin kan iyaka. Shekara ɗaya tak Baba ya koyar da shi. Ya zo ya gaida Baba da kwalin dabino, ya roƙi wasiƙa, Baba ya amsa. Washegari da hantsi Baba ya kira ni, ya goya hannu a baya yana kai da kawowa a falo yana faɗa ina bugawa. Shafi biyu cur. Ya yabi kaifin basirarsa, ya kawo misalin wata muhawara da suka taɓa yi a aji, ya ce irinsa ake buƙata a fagen. A ƙarshen fom ɗin da ake aika wasiƙar da shi akwai 'yan akwatuna da malami zai sa wa alama, daga matsakaici zuwa mai ƙwazo zuwa fitacce. Baba ya ce in sa masa fitacce. Na aika ina murna, ina cewa a raina in baƙo ya sami shafi biyu, Yaya sai an ƙaro takarda.

Ta Yaya kuwa Baba ya yi ta ɗagawa. Kullum na tuna masa sai ya ce, "Da sauran lokaci." Sai da ya rage kwana biyu a rufe, bayan la'asar, ya miƙo mini takarda mai layi wadda ya rubuta da hannunsa da manyan baƙaƙe. Bai yi zagayen falo ba wannan karon. Ga abin da ta ƙunsa in an mayar da shi Hausa: Na san shi tun yana yaro. Ya yi aiki a ƙarƙashina shekaru masu yawa. Ban sami aibi a aikinsa ba.

Na juya bayan takardar, fari fat.

"Baba, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Layi uku ne fa."

"Na ƙirga ai. A akwatin ki sa masa mai ƙwazo."

"Ba fitacce ba? Baba, wancan na Malali shafi biyu ka yi masa. Kai da bakinka ka gaya wa Mama cewa a duk waɗanda ka koyar babu mai karanta ajamin fatake kamar Yaya."

"Wa ya ce ki riƙa saurarar hirar manya?" Ya gyara zama. "Wancan baƙo ne. Haƙƙinsa ne a kaina in faɗi abin da na gani a wurinsa. Wannan yaron kuwa a hannuna ya tashi. In na zauna ina zuba masa kirari, wa na yaba? Kaina. Kin taɓa ganin mutumin kirki ya tsaya a dandali yana yabon ɗansa? Me mutanen Badarawa za su ce?"

"Mutanen Badarawa ba za su karanta ba, Baba. Turawa ne za su karanta."

"Ni na karanta ai. Su kuma masana ne, ba yara ba. Na rubuta musu cewa tun yana yaro na san shi. Duk mai hankali in ya ga haka, ya ga na taƙaita, zai gane nawa ne, kuma zai gane nauyin layi na ukun."

Da gaske yake. A wurin Baba wasiƙar nan ta fi ta ɗan Malali ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bai ga dalilin da zai sa wani ya kasa ganin haka ba.

Na kai ƙara wajen Mama tana tsinke zogale a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, ta yi dariya.

"Ke 'yar nan, shekara arba'in ina yi wa mutumin nan miya bai taɓa cewa ta yi daɗi ba. In ta yi daɗi sai ya ce, akwai saura? Wannan layi ukun ai ya yi ƙoƙari. Kuma yawan yabo yana jawo baki."

"Mama, bakin wa? A ƙasar waje?"

"Can babu mutane?"

Duk da haka ta wanke hannu ta leƙa falo. Ina jin ta daga ƙofa.

"Malam, ka ɗan ƙara wa wasiƙar yaron nan gishiri mana. Maraya ne."

"Shi ya sa ba zan yi masa abin kunya ba," in ji Baba. Aka rufe maganar.

A nan ne littattafaina suka ba ni shawara. A cikinsu, in namiji ya shiga matsala, akwai wata da ke ceto shi a ɓoye, shi kuma ba ya sani sai babi na ƙarshe. Lambobin sirrin akwatin saƙon Baba suna kaina, hoton sa hannunsa yana cikin kwamfuta, kuma Baba ba ya iya ganin abin da ke kan allon. Washegari bayan na gama shara na kulle ɗaki na rubuta tawa wasiƙar da sunan Baba. Shafi ɗaya da rabi. Na kira Yaya tauraro a cikin ɗalibai. Na ce zuciyarsa tana ci da wutar son ilimi, idanunsa suna haskawa in ya ga tsohuwar takarda, duk wanda ya zauna da shi sau ɗaya ba zai manta da shi ba. Na karanta sau uku, kowane karo tana ƙara yi mini kyau.

Amma da na zo aikawa sai hannuna ya ƙi. Sunan Baba ne a ƙasa, kuma ban taɓa yi masa ƙarya a kan takarda ba. Na kwana da abin. Ranar ƙarshe da safe na buga wasiƙun biyu, na ce wa Mama zan je mayar da littafin haya, na tari keke napep zuwa Doka.

Na san ba a yarda mai nema ya ga wasiƙar shaidarsa ba. Na je duk da haka. Na same shi lokacin hutun tara a ƙarƙashin wata dalbejiya a harabar makarantarsu, yana duba littattafan ɗalibai, hannunsa duk alli.

"Auta? Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Lafiya lau. Karanta wannan."

Na fara ba shi ta Baba. Abin da za a karanta cikin numfashi ɗaya, sai ya daɗe a kai. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa.

"Baba ne ya rubuta wannan da kansa?"

"Da hannunsa."

"Ban sami aibi a aikinsa ba," ya maimaita a hankali. "Shekara goma sha biyu ina kai masa rubutu, jan biro kawai nake gani. Bai taɓa gaya mini haka ba."

"Yaya, layi uku ne. Wancan na Malali shafi biyu ya samu, da fitacce."

"Na sani. Ai baƙo ne."

"Kai ma? To Turawan za su gane?"

Ya kalli yaran da ke buga ƙwallo. "Da wuya. Su sun fi son a buga ganga. Na ga irin wasiƙun da suke rubuta wa nasu."

Sai na miƙa masa tawa. Ya fara karantawa da fuskar malami. A sakin layi na biyu kafaɗunsa suka fara rawa. Da ya kai wajen idanu masu haskawa ya kifa kai a kan littattafan ɗalibai yana dariya har da tari.

"Auta, ki rufa mini asiri! In suka karanta wannan ai sai su ɗauka Baba ne ke neman aurena."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fizge takardar na cusa a jaka. Ya ga fuskata, ya daina dariyar.

"Yi haƙuri, ƙanwata. Na gode, wallahi na gode. Amma da sa hannun wa za ki aika?"

"To ka zo ka yi masa magana da kanka. Har ƙarfe biyar ne za a rufe. In kai ka roƙe shi zai ƙara."

"In je in durƙusa in ce, Baba, yabe ni? Da wane bakin?"

"Shekararka ta ƙarshe ce fa."

"Na fi ki sani." Ya ninke wasiƙar Baba gida huɗu, ya sa a aljihun gaba. "Wannan kwafin nawa ne. Ki je ki aika abin da ya rubuta, kada ki ƙara ko wasali."

An kaɗa ƙararrawa, ya kwashi littattafansa ya nufi aji. Na koma gida ana yayyafi, na shigar da layi ukun a fom, na sa alama a kan mai ƙwazo, na aika kafin azahar. Tawa wasiƙar na hura wutar gawayi da ita.

Bayan wata huɗu amsa ta zo, lokacin ina Gombe ina bautar ƙasa, na zo hutun mako guda. Yaya ya shigo da yamma ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba kamar yadda ya saba, suka gaisa, ya tambayi jiki, sannan ya ce, "Baba, mutanen nan sun rubuto. Ba a dace ba." Ɗan Malali ne ya samu. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, Yaya ya ce amin, suka koma zancen wani babi na binciken Yaya da bai gama ba. Bayan ya tafi Baba ya kira ni.

"Karanta mini abin da na rubuta wa yaron nan."

Na nemo na karanta.

"Sake."

Na sake.

"To me ya rage a nan?" in ji shi. Ba faɗa yake yi ba, tambaya yake yi.

Ban san ko wasiƙar ce ta kayar da Yaya ba. Ba su faɗi dalili ba, masu nema kuma suna da yawa, kuma ɗan Malali ba rago ba ne, ya je ya yi aikinsa ya dawo. Abin da na sani shi ne, kafin hutuna ya ƙare wani tsohon abokin aikin Baba ya zo daga Zariya, wanda ya taɓa zama a irin waɗannan kwamitoci a waje, kuma shi ya rubuta wa Yaya wasiƙa ta biyu. Ina zuba musu kunun aya Baba ya ba shi labarin layi ukun da na shafi biyun ɗan Malali, da ɗan alfahari ma. Mutumin ya ajiye kofi.

"Haba Farfesa! Kai da ka yi yawon taro a duniya? Ai a can in malami ya taƙaita, gargaɗi yake yi. Cewa yake ku yi hattara da wannan, akwai abin da ba zan faɗa ba. Balle sun ga ka yi wa wani shafi biyu a zama ɗaya."

"Na ce musu na san shi tun yana yaro."

"Wannan ai ya ƙara lalata abin. Wanda ya fi kowa saninsa ya rasa abin faɗa."

Baba ya raka baƙonsa har mota, ya dawo ya shige ɗaki, ranar bai ci tuwo ba. Bayan na koma Gombe Mama ta gaya mini a waya cewa ya sa an yi ta nemo masa sanarwar wasu cibiyoyin, ko akwai wadda ba ta da ƙa'idar shekaru. An samo biyu. Ɗaya sai wanda ya riga ya gama digiri na uku, ɗayar kuma ba ta ɗaukar masu tarihi. Har Baba ya rasu bai taɓa tayar da maganar da Yaya ba, Yaya ma bai tayar ba.

Ni na yi aure a Kawo, mijina ma'aikacin ruwa ne mai yawan surutu, ina koyar da Hausa a wata firamare. Ina karanta littattafaina har yanzu, sai dai a waya.

Yaya ya gama digirin bayan shekara shida. Ya je Damagaram sau ɗaya a motar haya lokacin dogon hutu, ya yi kwana tara, ya ga abin da ya samu gani. Babin da ya tsara a kan wasiƙun da ke ƙasar waje cire shi ya yi, ya rage taken aikin ya tsaya a kan Zazzau da Kano. Ya auri wata ma'aikaciyar jinya, suna da 'ya'ya huɗu, suna zaune a gidan mahaifinsa a Badarawa. Yanzu shi ne mataimakin shugaban makarantar nan ta Doka, yana fama da jadawalin darussa da iyayen yara. Ranar Asabar da hantsi yakan zauna a zaure, masu bincike na gida da na waje su kawo masa hotunan tsofaffin takardu a waya, ya karanta musu abin da suka kasa karantawa. Fasfo ɗinsa ya ƙare tun bara waccan, matarsa ta ce ta gaji da tuna masa ya je ya sabunta.